Hajiya, Wa Ke Riƙe da Makullin Shafinki?

Wata 'yar kasuwa daga Kano ta aiko da tambaya. Tana saro atamfa, leshi da shadda a Kantin Kwari, tana sayarwa daga gida. Shekara biyu da suka wuce ɗan yayarta, wanda ya karanta kwamfuta, ya haɗa mata shafin intanet guda mai tsawo: atamfa a sama, leshi a ƙasanta, sai farashi, sai lambar waya a can ƙarshe. Ta ce zuwa yanzu ta ba shi wajen naira dubu 400. Yanzu yana neman ƙarin dubu 150 domin ya gyara shafin, ta yadda idan mutum ya danna "Leshi" ba zai yi tsalle kwatsam ba, zai riƙa sulalewa a hankali har ya tsaya a kan leshin. Ya ce mata haka shafukan manyan kamfanoni suke, kuma da zarar an yi, masu saye daga Landan da Dubai za su fara tururuwa. A ƙarshen saƙon ta ƙara da cewa: "Shi yake riƙe da komai, ni ko kalmar sirri ban sani ba, ai yaron gida ne. In biya?"

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Kada ki biya tukuna. Kuma ba tsadar aikin ce ta fi damuna ba, maganar da kika rufe saƙonki da ita ce.

Amma bari in fara sauke miki nauyin aikin, don ki san abin da ake neman sayar miki. Kowane sashe na shafi ana ɗaura masa alama, sai a haɗa maɓallin da ke sama da wannan alamar. Wannan tsari ya daɗe a intanet, kuma tunda shafinki yana tsalle zuwa leshi idan an danna, to an riga an yi shi. Abin da ya rage shi ne a sa tafiyar ta yi laushi. A da, yawanci sai an jawo wani kundin umarni mai suna jQuery, wanda ya fito a 2006, an rubuta masa yadda zai tura shafin ƙasa kaɗan-kaɗan. Yau manhajojin buɗe shafi da kansu sun iya. Layi ɗaya ake rubutawa a CSS, wato yaren da ake tsara kamannin shafi da shi, scroll-behavior: smooth, magana ta ƙare. Idan kuma ana so a yi da JavaScript, yaren da ake ba shafi umarnin aiki da shi, akwai umarnin scrollIntoView, a gaya masa sashen da ake nufi, a ce ya tafi a hankali. Chrome ya karɓi wannan tun 2017, Safari na wayoyin iPhone ya biyo baya a 2022. Wanda ya san aikinsa ba zai kai awa guda a kai ba, har da gwaji.

Gwajin nan shi ne inda ake gane gwani. Idan shafinki yana da layin maɓallai da ke maƙale a sama, sulalewar za ta tsaya ne layin ya rufe kan sashen, sai an bar masa tazara da scroll-margin-top. Idan hotunan atamfa ba su gama buɗewa ba mutum ya danna, shafin zai tsaya a wani wuri, hotunan su buɗe su ture shi, ya tsinci kansa a kan atamfa alhali leshi ya nema. Maganinsa a rubuta wa kowane hoto tsayinsa da faɗinsa tun farko. Akwai mutanen da motsin allo ke sa su jiri, wayoyinsu na da wurin da suke neman a rage motsi, ya kamata shafin ya girmama wannan. Sannan mai buɗe shafi da Opera Mini a yanayin tsimin data, shafin yana zuwa masa ne an riga an matse shi, yawancin irin wannan ado ba ya aiki a wurinsa, don haka dole maɓallin ya ci gaba da kai mutum wurin ko da JavaScript bai tashi ba. Duk wannan a haɗe, aikin yini ɗaya ne in an ja shi. Ni a ganina dubu 15 zuwa 20 kin kyauta masa. Dubu 150 ba kuɗin wannan aikin ba ne.

To, mu koma kan abin da ya fi muhimmanci. Kin kashe dubu 400, kuma ba ki mallaki komai ba.

Shafin intanet abu uku ne. Akwai sunan da mutane ke rubutawa su same ki, wanda haya ake yi, ana sabuntawa duk shekara. Akwai masaukin da aka ajiye hotuna da rubutun, shi ma haya ne. Sai kuma shi kansa rubutun umarnin. Wanda imel ɗinsa ke kan rajistar sunan, shi ne mai shafi, ba wanda ya biya kuɗi ba. Idan sunanki ya ƙare da .ng ko .com.ng, yana ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen intanet na Najeriya, ta hannun kamfanonin da ta amince su yi rajista. Idan .com ne, wani kamfanin rajista ne ke riƙe da shi. Ko wanne ne, za su saurari mai asusun ne kawai. Kin gina shago a filin da takardarsa ke ɗauke da sunan wani, kuma yanzu kina tambayata kalar fentin da za a shafa.

Ba cewa nake yi yaron nan macuci ne ba. Yawancin asarar da na gani a wannan harka ba cuta ce ta jawo ta ba, sakaci ne. Na san wani mai sayar da takalma da ƙanensa ya buɗe masa shafi da imel ɗin da yake amfani da shi tun yana makaranta. Yaro ya tafi bautar ƙasa, ya sauya waya, ya manta kalmar sirri. Saƙonnin tunatarwa suka yi ta shiga akwatin da ba mai buɗewa. Sunan .com idan wa'adinsa ya cika ana ba da ɗan lokaci a sabunta, bayan haka akwai wajen kwana 30 na fansa da kuɗi mai nauyi, daga nan a sake shi kasuwa kowa ya saya. Haka aka yi. Wani ya saye sunan ya cika shi da tallan caca, ga shi kuma an buga adireshin a jikin leda da kwali da katin shago. Bawan Allah nan sai da ya zubar da ledojin. Abin da ya fi asarar kuɗin ciwo, shi da ƙanen nasa sun daɗe ba sa zama inuwa ɗaya, mahaifiyarsu na tsakiya tana kuka.

Wata kuma, mai turaren wuta, lambar asusun da ke kan shafinta ta ɗan'uwanta ce, wai don shi ke ganin saƙo da wuri. Bai ci ko kwabo da niyya ba, amma kuɗinta da nasa suka cakuɗe, ranar lissafi aka rasa na wane ne wane. Ki duba naki yau ɗin nan: lambar waya da lambar asusun da ke kan shafin, na wa ne?

Mutanenmu suna ganin neman rubutu daga ɗan'uwa kamar tuhuma ce. Ni kuwa na ga rubutu shi ke tsare zumunci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ware dangi ba. Ke da ba za ki ba dillaliya turmi goma ba tare da kin rubuta a littafi ba, ta yaya dubu 400 suka fita ba ko takarda guda da ke nuna nawa ne na suna, nawa na masauki, nawa ladan aiki?

Maganar Landan da Dubai kuwa, ki ajiye ta gefe. Ba a taɓa yin macen da ta sayi leshi saboda shafi ya sulala ba. Tana saye ne don hoton ya fito da kalar gaskiya, farashi yana rubuce, ta yi magana an amsa mata, kuma wata da ta sani ta taɓa saye ba a cuce ta ba. Masu sayenki suna Kano, Kaduna, Abuja, Maraɗi, riƙe da Tecno da itel da Infinix, suna lissafin data. Abin da ke korar su shi ne hotuna masu nauyi da ba sa buɗewa. Kuma ina da tambayar da na tabbata ba ki da amsarta: a cikin shekara biyun nan, mutum nawa suka zo miki ta shafin? Idan ribarki a turmi naira dubu 2 ce, sai kin sayar da turmi 75 kafin ki mayar da dubu 150, kuma sai in sulalewar ce ta kawo su. Daga gobe, duk wadda ta yi miki magana ki tambaye ta inda ta gan ki, ki rubuta a gefen littafin ciniki. Ko a sa maɓallin WhatsApp na shafin ya riƙa buɗewa da rubutu a shirye, "Na gani a shafinku", kin ga ƙidaya ta zo da sauƙi. Bayan wata uku za ki san ko shafin yana ciyar da kansa. Mai yiwuwa ki tarar jerin kayan da ke cikin WhatsApp Business, wanda kyauta ne, shi ke yi miki aikin duka.

Ga yadda za ki yi da yaron. Kada ki aika masa saƙo, ki kira shi gida, ki ba shi abinci, in da hali mahaifiyarsa na zaune. Ki ce masa, "Ɗana, rai da ajali, ina so komai na kasuwancin nan ya koma sunana, kai kuma ka ci gaba da kula min da shi ina biyanka." Ki buɗe imel na kasuwanci da lambar wayarki. A gabanki ya mayar da rajistar sunan da masaukin kan wannan imel ɗin. Idan sunan yana cikin asusunsa tare da na wasu, a buɗe miki naki a tura shi can. Ki sauya kalmomin sirri da hannunki, ki rubuta su inda kike ajiye takardun gida, tare da ranar da haya ke ƙarewa. Ya ba ki kwafin shafin gaba ɗaya. Sannan ku yanka masa ladan kulawa, na wata ko na shekara, a rubuce.

Idan ya yi wannan ba gardama, ki ba shi dubu 20 ya sa sulalewar, ya rage nauyin hotuna, ki gwada a ƙaramar wayar mai aikinki kafin ki cika masa kuɗin. Idan kuwa ya fara kwana-kwana, yau babu wuta gobe ya manta, kada ki yi faɗa da shi. Ki sayi sabon suna da kanki a wannan makon, ki dakatar da buga tsohon adireshin a leda, ki sanar da masu sayenki ta WhatsApp.