Kada ki bari a kai shi nesa, ni na yi na gani

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun da asuba na ga tambayarki, na kasa karyawa sai da na zauna na ba ki amsa, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kin ce yaronki shekararsa 16, wata uku ke nan yana asibiti saboda kodin da tiramol, ƙarshen watan nan za a sallame shi. Babansa yana so a kai shi makarantar kwana a wani gari mai nisa, kawunsa kuma ya ce a miƙa shi wajen wani malami. Wallahi kamar labarin gidana kika ɗauko. Har kawun ma muna da irinsa.

Nawa babban yarona ne, yana aji biyar na sakandare abin ya fito fili. Lokacin da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 har hamdala na yi, na zaci an huta, ashe kwalbar ce kawai ta yi tsada, yaran suka koma tiramol da roci. Bayan an sallamo shi, babansu ya ce unguwa ce ta lalata shi, a raba shi da unguwa. Ni ma na yarda, domin gaskiya kunyar maƙwabta ta ishe ni, ko gidan suna na daina zuwa. Muka samo makarantar kwana ta kuɗi, tafiyar awa biyar a mota, doguwar katanga, ga masallaci a tsakiya. Na sayar da sarƙata aka cika kuɗin zango.

Ranar da muka kai shi, ni da kaina na shiga ofishin shugaban makarantar na gaya masa komai, ban ɓoye ko ɗaya ba. Na ba shi takardar asibiti, na nuna masa maganin da likita ya ce yaron ya riƙa sha kullum da dare. Ya dafa ƙirji ya ce, "Hajiya, ɗanki ɗana ne, wannan magana daga ni sai ke sai Allah." Mako shida tsakani kuɗin wani yaro suka ɓace a ɗakin kwana. Ba a tsaya bincike ba, akwatin yarona aka fara fasawa. Malamin ɗakin kwanan ya ga maganin asibiti, ya ce ga ƙwaya an kama. Washegari a asambuli, gaban ɗalibai da malamai, mutumin nan da ya dafa mini ƙirji ya kira shi ya fito, ya ɗaga ledar maganin sama ya ce kowa ya kalli ɗan ƙwaya, uwarsa da bakinta ta faɗa. Uwarsa da bakinta! Aka yi masa bulala, aka ƙwace maganin. Kuɗin kuma daga baya a wajen wani siniya aka same su, amma ko haƙuri ba wanda ya ba yaron nan.

Ban san an yi haka ba sai ranar ziyara, kusan mako uku bayan nan. Na dafa dambun nama, na soya miya, na taso tun duhun asuba. Da aka kira mini shi, daga nesa na gane tafiyar. Ke ma kin san wannan tafiyar, da yadda ido ke lumshewa, da yadda magana ke jan ƙafa. Ya zauna bai ko dubi kular abincin ba, ya ce, "Umma, ke kika gaya musu?" Har gobe idan na tuna tambayar nan sai zuciyata ta yi nauyi. Ashe tun da aka tona masa asiri, masu sha na cikin makarantar suka san sun samu ɗan'uwa, su suka neme shi. Ta kan katangar nan da na gani na ji daɗi ake jefo musu kaya. Da na koma ofishin ina kuka, mutumin ko kujera bai nuna mini ba, cewa ya yi dama su ba gidan gyaran kangararru suka buɗe ba, kuma kuɗin zango ba a mayarwa. Na bar shi da Allah, ban yafe ba. Sau da yawa ina cewa na yafe, sai na zo ba da labarin in ji ashe da saura.

To kin ji, gudun gara muka yi muka faɗa gidan zago. Babu garin da ba a sayar da abin nan. Nisan da muka kai shi bai raba shi da ƙwaya ba, da ni da likitansa ya raba shi. Ranar ganin likita biyu ta wuce shi yana can. Kuma akwai abin da likitan ya gaya mini daga baya wanda ya sa jikina ya yi sanyi: yaron da ya yi watanni bai sha ba, jikinsa ya daina jure yawan da ya saba, idan ya koma ya sha daidai na da, zai iya sheƙawa lahira. Tiramol kuma in ya yi yawa yana kawo farfaɗiya. Ki duba, da a ɗakin kwana abin ya same shi cikin dare, wa zai kula?

Maganar kawu kuwa, ba na zagin malamai, akwai na Allah, kuma ni ma ban daina yi masa tofi ba. Amma ki tuna abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, har da ƙananan yara. A watan Oktoba kuma aka sake bankaɗo wani a Daura. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Duk inda aka ce ba za ki ga ɗanki ba sai bayan wata kaza, ko ba za ki shiga inda yake kwana ba, ki ja hannunsa ku fito. Ƙanina da ke Amurka ya ce can akwai ƙananan sakandare na yaran da suka fito daga jinyar shaye-shaye zalla, ana karatu ana zaman ba da shawara kullum. Ni dai na yi yawon nema a nan har takalmina ya tsinke, ban dace da irinta ba.

Abin da ya yi mana amfani a karo na biyu, bayan ya sake kwanciya asibiti, wata 'yar makarantar jeka-ka-dawo ce, ko fenti mai kyau ba ta da shi, ajinsu bai kai mutum ashirin ba. Ba a unguwarmu take ba, amma ba ta fi minti ashirin a adaidaita ba. Wannan karon ban je wajen shugaba ba. Sai da na yi mako biyu ina tambayar iyayen yara wane malami ne mai riƙe amana, kowa ya nuna mini malamin lissafi, wani dattijo. Shi kaɗai na gaya wa, kuma sai da na nemi izinin yaron, a gabansa aka yi maganar. Ki tambayi ɗanki wa yake so ya sani. Ni ban tambaya ba a karon farko, shi ne abin da ya fi yi masa ciwo.

Ki zaɓi wadda za ta bar shi ya je asibiti ranar da aka ba shi ba tare da tuhuma ba. In kina kusa da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Dawanau a Kano, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, to makarantar ta kasance inda za ku je ku dawo a yini ɗaya. Maganinsa ya zauna a hannunki. Ki je makarantar da kanki lokacin tashi, ba lokacin da suka gayyace ki ba, ki tsaya nesa ki ga su wa ke zama a bakin ƙofa, akwai kemis ko mai shayi da samari ke taruwa? Kuɗin tara kuma na daina bayarwa gaba ɗaya, abinci nake zuba masa. Ya yi fushi, ya gaji ya huce.

Af, batun aji. Kada ki bari a matsa masa sai ya zana WAEC tare da sa'o'insa. Dama makarantu da yawa ba sa karɓar yaro a aji shida saboda makin gwajin aji huɗu da biyar da ake turawa hukumar. Nawa maimaita aji biyar ya yi, kakarsa ta yi ta surutu wai ƙaninsa zai kamo shi. To ya kamo shi mana! Ita ce fa ta ce ni na sangarta shi, a gaban kishiyata ta faɗa, alhali duk kwanakin asibitin nan ko ruwan zafi ba ta aiko ba. Bari in bar wannan. In ma makarantar ta gagara a bana, akwai jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu, a samo masa malami a gida, da yamma ya je koyon sana'a wajen mutumin da kuka yarda da shi, ba inda ake aiki da sholisho ba.

Watannin farko barcinsa zai rikice, zai riƙa mantuwa da saurin fushi, karatun ba zai zauna ba. Kada malamai su ɗauka iskanci ne. Kuma in ya zame sau ɗaya, kada babansa ya ɗauko bel, ku koma wajen likita a ranar. Nawa ya zame sau ɗaya a wata na huɗu, malamin lissafin nan ne ya kira ni a waya ya ce, "Hajiya, yau idon ɗanmu bai yi mini ba." Bai gaya wa kowa ba.

Kafin ranar sallama ki ja babansa ku shiga wajen likitan tare, ki sa likitan ya faɗi ra'ayinsa kan makarantar kwana da bakinsa. Maza sun fi jin ta likita a kan tamu. Wane gari kike ne? In Kano ce, zan iya raka ki mu tsaya a bakin ƙofar makarantun nan tare, ranar Laraba ba na zuwa aiki.