Makankarar harshe ko ruwan kuskure baki: wanne zan saya?

Tambaya: Kowace safiya nakan ga wani farin datti ya lulluɓe harshena, bakina kuma yana wari. Na ga ana sayar da makankarar harshe da ruwan kuskure baki a kemis. Wanne ya fi dacewa in saya? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Malama, sau da yawa wannan farin ba ciwo ba ne. Ragowar abinci ne da ƙwayoyin bakteriya suke taruwa a saman harshe, musamman can wajen maƙogwaro, kuma yakan ƙaru idan miyau ya yi ƙaranci, kamar lokacin hunturu ko azumi ko barci da baki a buɗe. Shawarata ita ce ki sayi makankara, ta roba ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ki riƙa jan ta a hankali daga baya zuwa gaba sau uku ko huɗu, kina ɗauraye ta. Idan ba ki samu ba, buroshi mai laushi ko aswakin da aka tauna bakinsa sosai zai wadatar.

Ruwan kuskure baki kuwa ba na so ki gaggauta sayensa. Mai barasa a ciki yana busar da baki, mai sinadarin chlorhexidine kuma yana rina haƙora da harshe idan aka daɗe ana amfani da shi, saboda haka sai da umarnin likitan haƙori. Amma idan farin yana da kauri kamar kindirmo, kuma idan kin kankare sai wurin ya yi ja yana zafi, to wannan cutar kandida ce, wato wata irin funfuna da ke kama baki, wadda takan biyo bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ciwon sukari, kuma maganin asibiti take buƙata.

Tambaya: Harshena ya yi sumul, ya kuma koɗe. In sayi maganin ƙarin jini? Daga wani magidanci a Maradi.

Amsa: Malam, ka fara yin gwajin jini tukuna, domin ƙarancin sinadarin ayon da na bitamin B12 duk suna kawo haka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan kuma akwai gyambo a harshen da ya wuce mako uku bai warke ba, musamman in kana shan taba, ina roƙonka ka nuna wa likita cikin wannan makon.