Wa ya raɗa wa hasken arewa suna Aurora Borealis?

TAMBAYA: Malam, ɗana ne ya nuna mini wani hoto a wayarsa, sararin sama ya yi kore shar cikin dare, a ƙasa an rubuta Aurora Borealis. Na ce me ake nufi, ya ce shi ma turo masa aka yi. Wane yare ne wannan, wa ya sa sunan, kuma mu nan za mu taɓa ganinsa?
Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya

AMSA: Hajiya, sunan haɗin gambiza ne. Aurora a harshen Latin alfijir ke nan, kuma Rumawan dā sun ɗauke ta wata abar bauta mai buɗe wa rana hanya. Boreas kuwa iskar arewa ce a wurin Girkawa. Idan aka haɗa sai ya zama alfijir na arewa. Wanda aka fi jingina wa sunan shi ne Galileo, masanin taurarin nan na Italiya, a 1619. Wasu kuma suna ba Bafaranshe Pierre Gassendi, da ya ga hasken a 1621. Kada batun abin bautar ya dame ki. Janairu da Maris ma daga can sunansu ya fito, kullum muna faɗa.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sunan bai dace da abin ba. Galileo ya zaci hasken rana ne ke dukan iskar sama yana dawowa, shi ya sa ya ce alfijir. Larabawa su kuma suka ce shafaƙi, wato jan nan na bayan magariba. To ba alfijir ba ne, ba shafaƙi ba ne, wajen tsakar dare ma ya fi fitowa. Rana ce ke feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, maganaɗisun duniya ya karkata su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iskar da ke can sama, kilomita 100 ko fiye. Koren da kika gani na iskar oksijin ne. Idan karon ya auku sama da kilomita 200, ita dai oksijin ɗin ja take bayarwa, naitirojin kuma ta ba da shuɗi. Kusan shekara 300 bayan Galileo ne wani ɗan Norway, Kristian Birkeland, ya sa ƙwallo mai maganaɗisu a ɗakin gwaji, ya harba masa lantarki, haske ya taru a kan ƙwallon sama da ƙasa. Daga baya ƙasarsa ta buga hotonsa a takardar kuɗi.

Da ni za a tambaya, sunan mutanen Finland ya fi daɗi: revontulet, wutar yanyawa. A tatsuniyarsu, ita ce ke gudu a kan ƙanƙara, jelarta na watsa tartsatsi sama. Su dai ba su rikita shi da lokacin salla ba.

Batun gani a Zariya kuwa, a cire rai. Muna wajen digiri 11 ne arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, shi kuwa gidansa tsakanin digiri 65 zuwa 70, irin su Tromso a Norway, da Iceland, da Alaska. A 1859, da rana ta yi wata gagarumar feshi, an gan shi har Kyuba. A watan Mayun 2024 ya kai Meziko. Duka biyun sun fi mu kusa da arewa nesa ba kusa ba.

Amma muna da namu. Tambayi duk wanda ya zauna a zaure cikin birni ya yi karatun fiƙihu, zai gaya miki akwai alfijir kazibi, wanda ke miƙewa tsaye a gabas kamar wutsiyar kyarkeci kafin na gaskiya ya shimfiɗu. Wannan kam hasken rana ne ke dukan ƙurar da ke yawo a sararin samaniya, wato bayanin Galileo ya fi kusa da shi. Idan yaron na son gani, ya bari hazo ya wuce, ya zaɓi daren da babu farin wata, ya fita bayan gari wajen Kufena inda fitilu ba sa kashe ido. Kada dai ya tafi shi kaɗai.