Sautin Jitata Yana Fita A Dagule

Tambaya: Ina kaɗa jitar lantarki a bukukuwa. Na haɗa akwatin lasifika biyu don ƙarin ƙarfi, sai sautin ya dagule, amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) kuma ta yi zafi. Mene ne abin yi? Daga mai karatu a Agadas.

Amsa: Malam, fara duba lambar om, wato ma'aunin yadda lasifika ke tauye wutar lantarki, da ke bayan kowane akwati. Biyu masu om 8, in aka jona su kafaɗa da kafaɗa, wato + da +, − da −, sun koma om 4. In amfilifayarka ta om 8 ce, ka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, shi ya sa take zafi. Cire ɗaya. Kuma kada ka jona lasifika da irin wayar da ke haɗa jita da amfilifaya, siririya ce, ba ta ɗaukar wutar.

Dagulewar kuwa, yawanci maɓallan Gain (ƙarfin sautin da ke shiga amfilifaya) da Bass (kaurin murya) ne aka murɗa har ƙarshe. Sauke Gain zuwa 4, Bass 4, Treble (siririyar murya) 5, ka ɗaga Mid (matsakaiciyar murya) zuwa 7, don a nan muryar jita take, da shi take ratsa ganguna. A filin biki akwati mai rufaffen baya ya fi, yana tura sauti gaba. Ɗora shi kan benci ya fuskanci jama'a.