Tambaya da Amsa: Kulle fayil da kalmar sirri daga taminal

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina amfani da Ubuntu, kuma ina yawo da fayil ɗin lissafin shago a filashi. Yaya zan kulle shi da kalmar sirri? Wani ya ce zip -e ya wadatar. Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka rabu da zip -e. Makullinsa tsohon yayi ne, masu fasawa sun daɗe da gano lagonsa, kuma sunayen fayilolin da ke ciki a fili suke ko ba a buɗe ba. GnuPG, wata manhajar kulle fayil da ake kira da umarnin gpg, ya fi shi nesa ba kusa ba, ga shi yana zuwa tare da Ubuntu. Buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta:

gpg -c --cipher-algo AES256 lissafi.xlsx

Zai nemi kalmar sirri sau biyu, sannan ya fitar da lissafi.xlsx.gpg. In za ka buɗe:

gpg -o lissafi.xlsx -d lissafi.xlsx.gpg

To, ga inda ake tuntuɓe. GnuPG ba ya taɓa fayil na asali, yana nan a buɗe kusa da kullallen. Idan a kan filashin ka yi aikin, gogewa ba ta ba ka tabbaci, ko da shred ka yi amfani, wato umarnin da ke rubutu a kan fayil don shafe shi, domin filashi yakan sauya wurin rubutu don kada ɓangare ɗaya ya gaji, tsohon bayanin ya saura. Ka kulle a kwamfuta, ka kwafa mai .gpg kaɗai.

Wani abin da ke firgita mutane: ka gwada buɗewa nan take, ya buɗe bai tambayi komai ba. Ba lalacewa ya yi ba, gpg-agent, wani ɓangare na GnuPG, ne yake riƙe kalmar na minti 10. Ƙara --no-symkey-cache a umarnin buɗewa kafin ka gwada, don ya tambaye ka kalmar, kuma kada ka goge na asali sai gwajin ya yi.

Jakar fayiloli kuwa sai ka fara ɗaure ta ta zama fayil ɗaya da tar czf shago.tar.gz shago/, sannan ka kulle shago.tar.gz ɗin da gpg -c. Idan mai Windows za ka ba, 7z a -p -mhe=on shago.7z shago/ ya fi sauƙi, -mhe=on ɗin ne ke ɓoye sunaye.

Kada ka rubuta kalmar sirrin a cikin umarnin, za ta zauna a .bash_history, fayil ɗin da ke adana umarnin da ka rubuta. Ka haɗa kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa, ka rubuta a takarda ka adana a gida, domin in ka manta babu mai gyaran da zai buɗe maka.