Amsar tambayarki a kan jan igiyar nan ta fim ɗin Dolls

Ƙanwata, kin ce kin kalli Dolls har ƙarshe, idonki ya ƙoshi amma zuciyarki ta ƙi kwanciya. Kina tambaya ko haka mutanen Japan suke soyayya, babu magana babu waƙa, kuma ko mu da muka daɗe a cikinsu mun koma haka.

Ki fara lura da yadda Takeshi Kitano, mai shirya fina-finai ɗan Japan, ya buɗe fim ɗin nan nasa na 2002. Da wasan 'yartsana ya fara, wanda ake kira bunraku, kuma nan Osaka inda muke zaune nan ne gidansa. Mutum 3 ne ke juya 'yartsana ɗaya, mai ba da labari yana gefe yana rera zance, makaɗi yana bin sa da wata molo mai tsirkiya 3. To, Matsumoto da Sawako, saurayi da budurwar labarin farko cikin labarai uku na fim ɗin, da kika ga suna yawo ɗaure da jan igiya, 'yan tsana ne aka sa wa jikin mutane. Shi ya sa suke bara amma tufafinsu sun fi na amare kyau, don Yohji Yamamoto, gwanin zanen sutura, shi ya tsara su. Kitano bai ce ga yadda maƙwabtana suke rayuwa ba. Tsohon labari ya ɗauko. Tun 1703 Chikamatsu, marubucin wasannin bunraku, ya rubuta wasa a kan wasu masoya da suka kashe kansu a Sonezaki, cikin garin nan, kuma saurayin cikin wasan ma, kamar Matsumoto, wata aka so a aura masa, ya ƙi. Irin waɗannan wasanni sun ja hankalin matasa har sai da hukuma ta hana su bayan kamar shekara 20.

Launukan kuwa ba ƙari aka yi ba. Furen itacen sakura yakan rufe bakin koguna a ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, a Nuwamba ganye ya yi ja wur a kan duwatsu. Igiyar ma tana da asali: suna da camfin cewa akwai jan zare da ba a gani, ɗaure a ƙaramin yatsan mutum biyu da aka ƙaddara wa juna.

Inda fim ɗin ya faɗi gaskiyar mutanen nan tsantsa shi ne labari na biyu, na matar da saurayinta ya tafi neman arziki ya bar ta, ita kuma duk Asabar sai ta haɗa abincin rana na mutum biyu ta zauna a benci tana jiransa har tsufa ya cim mata. Wannan akwatin abincin, bento, da shi matan nan suke magana. Maƙwabciyata tana tashi kafin asuba ta nannaɗe ƙwai, ta jera shinkafa da kifi da ganye kowanne a gurbinsa, ta ƙulle da kyalle ta miƙa wa mijinta a bakin ƙofa. Ban taɓa jin ta ce masa tana son sa ba, shi ma abin da yake yi kawai shi ne ya dawo da akwatin babu ko ƙwayar shinkafa. Wannan bai zame mini baƙon abu ba, don ke ma kin san Inna ba ta taɓa kiran sunan Baba ba, amma akushinsa ba ta bari kowa ya taɓa.

Mu ma mun shiga wannan hali, ko da yake larura ce ta fara sa mu. Makarantun firamare a nan suna ciyar da yara abinci iri ɗaya, sau da yawa da naman alade a ciki. Sai mu karɓi takardar jerin abincin wata, mu dafa irinsa na halal, don kada yaro ya buɗe nasa ya ga ya fita daban a aji. A hankali mazanmu ma suka shiga layi, masu zuwa jami'a da masu harkar motoci duka.

Abin da ya fi ci mini rai a fim ɗin shi ne rashin dangi. Iyayen Matsumoto sun matsa masa ya auri 'yar maigidansa, Sawako ta nemi hallaka kanta, hankalinta ya gushe, shi kuma ya bar wurin ɗaurin aure ya ɗauko ta. Ya kyauta da ya dawo. Amma daga nan ba gwaggo, ba kawu, ba wanda ya ce ku shigo ku kwana. Mai larura magani take buƙata da mutane kewaye da ita, shi kuwa sai ya ja ta cikin ƙanƙara. Mutumin labari na uku kuwa, wanda ya makantar da kansa saboda mawaƙiya, wannan ciwo ne, kuma addini bai yarda mutum ya cutar da jikinsa ba.

Hausawa a nan mu kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ba ma barin kowa ya yi shiru da damuwarsa. Mutanen ƙasar suna ganin ɗora wa wani matsalarka abin kunya ne. Mu a wannan mun ƙi bin su. Idan aka rasa ganin mutum a Juma'a a masallacin garin Kobe da ke kusa da Osaka, wanda aka gina tun 1935, kafin la'asar an kira shi. Idan mata da miji suka saɓa, dattijon cikinmu yakan hau jirgin ƙasa ya je har gida ya zauna da su, tunda waliyyai suna can nesa. Mace ta haihu ko ta kwanta ciwo, mu raba kwanaki a tsakaninmu, wannan ta kai tuwo yau, waccan ta kwashe yara gobe.

Yaranmu da aka haifa a nan su nake sa wa ido. Sun iya haɗiye magana fiye da mu, ka tambaye su lafiya su ce lafiya ko da ba haka ba ne. Don haka idan na haɗa ki da 'yarki a waya ranar Lahadi, ki daure ki ja ta da hira, kada ki tsaya a gaisuwa.