Mataki na 3 ba "dama-dama" ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne daga Maraɗi, ina karatu a Grenoble ta Faransa. Hunturu na uku ke nan ina zamiyar ƙanƙara a tsaunin Chamrousse, har na fara sauka jar hanya, wato mai ɗan wuya da ake yi wa jar alama, ba faɗuwa. A hutun Fabrairu abokaina sun shirya mu tsallake igiyar da ta kewaye hanyoyin zamiya mu shiga gangaren da ba a shata ba. Sun ce in dai hasashen haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara bai wuce mataki na 3 cikin 5 ba, kuma ga sawun wasu a wurin, babu komai. Hankalina ya ƙi kwanciya, amma ba na so a ce na cika tsoro. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan rashin kwanciyar hankalin ka riƙe shi da kyau, ya fi shawarar abokanka amfani.

Iya jar hanya bai shirya ka ga bayan igiya ba. Hanyar da ka saba, mota ta kwana tana daddanne ta, ma'aikata sun yi sammako sun tayar da nakiya don saukar da dusar da ke barazana a samanta. Da ka tsallake igiya, babu wanda ya yi maka ko ɗaya. Michael Schumacher, zakaran tseren motoci, ranar 29 ga Disamba 2013 a Meribel ta Faransa, tsakanin hanyoyi biyu da aka shata ya faɗi kansa ya bugi dutse, da hular kwano a kansa. Asibitin garin da kake zaune aka kai shi.

Amma abin da ya fi ci mini rai a wasiƙarka shi ne zancen 3 cikin 5. Kullum sai na ji shi, a layin kujerun hawa, a shagon haya, a bidiyon samarin da ke neman mabiya. Mutane sun ɗauke shi kamar makin jarrabawa, wai tsaka-tsaki ne. To ka sani, kusan rabin waɗanda zaftarewa ke kashewa a tsaunukan Alps, a mataki na 3 take kashe su. A mataki na 4 da na 5 tsaunin kansa yana ba da tsoro, mafi yawan mutane sun koma gida. A na 3 kuwa gari ya waye, rana ta fito, sabuwar dusa tana ƙyalli, sai ido ya ruɗi mutum. Ma'anar matakin ita ce nauyin mutum ɗaya tak ya isa ya tsinke dusar da ke kan gangaren da ya miƙe sosai.

Ka baza gero a kan siminti, ka shimfiɗa tabarma a kai, ka taka. Haka gangaren yake. A sama akwai dusar da iska ta kwaso ta daddage ta zama fale guda. A ƙarƙashi akwai tsohuwar dusa wadda in ka haƙa ka damƙo ta, sai ta zube ta tsakanin yatsunka kamar sukari. Daga sama ba a ganinta. Shi ya sa sawun wasu ba hujja ba ne: mutum goma sun wuce ta inda falen ke da kauri, na sha ɗaya ya taka inda ya yi siriri, tsaga ta ruga, gangaren gaba ɗaya ya tafi da shi. Mafi yawan waɗanda ta binne, su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita. In ka taɓa jin dusa ta yi "wuf" a ƙarƙashinka, ko ka ga tsaga ta fita daga bakin katakon ƙafarka, ka juya nan take. Kuma gangaren da ya fi zaftarewa, digiri 30 zuwa 45, shi ne daidai wanda ya fi daɗin sauka.

Masu cewa "sai ka yi iyo ka fito" ba su taɓa sa shebur a dusar da ta zaftare ba. Tana tsayawa take sandarewa, ko yatsa mutum ba ya motsawa, bakinsa cike. Waɗanda aka tono cikin minti 10, kusan tara cikin goma suna rayuwa. Da an kai minti 35, kusan uku cikin goma ne kawai. Yarima Friso na Holan ya yi sama da minti 20 a binne a Lech ta Austriya a Fabrairun 2012, bai sake farfaɗowa ba har ya rasu a Agustan 2013. Jirgin ceto da wuya ya riga waɗannan mintocin, ko da an kira 112 a kan kari. Abokanka ne za su tono ka. Tambaye su: kowa yana da na'urar gano wanda ya binne, da sandar lalube, da shebur? Sun taɓa gwadawa da agogo a hannu? Jakar balan-balan kuma, wadda ke kumbura don hana mutum nutsewa cikin dusa, ba laya ba ce.

Kada wani ya ce maka ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Mun yarda da ƙaddara, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma ranka amana ne, akwai masu jiran ka a Maraɗi.

In kana son sabuwar dusa, ku haɗa kuɗi ku ɗauki jagora mai takarda, ku yi horon kwana ɗaya kan ceto, ka karanta hasashen hukumar yanayi ta Faransa, Météo-France, duka, har bayanin fuskar tsaunin da tsayin da ke da haɗari, ba lambar kawai ba. Ka duba ko inshorarka ta haɗa da bayan igiya. Tabarau da man kare fata su ma dole ne, baƙar fata ba ta hana hasken dusa ƙona ido. In abokanka sun ƙi duk wannan, ka tsaya a jar hanya ka jira su a ƙasa, da wayarka a kunne.